Yadda Ake Bambance Dabarun Kaye a Wasan Judo, Mataki-Mataki

Tambayar yadda ake bambance kaye masu kama da juna ta yawaita daga masu karatu, musamman sabbin 'yan judo da ke shirin jarrabawar ɗamara, wato ta hawa matsayi, da masu kallon gasa a waya. Ɗan wasa ya juya baya, ya ɗaga ƙafa ɗaya, abokin karawarsa ya tashi sama ya faɗo. Wani ya ce harai-goshi ne, wani ya ce uchi-mata, na uku ya rantse hane-goshi ne. Wa ke da gaskiya?

Kodokan, cibiyar judo da ke Tokyo, tana lissafa kaye iri 68: na hannu 16, na ƙugu 10, na ƙafa 21, na kwanciya rigingine 5, na kwanciya ta gefe 16. Wanda ya ce zai haddace su ɗaya bayan ɗaya zai sha wahala, kuma ranar da ya ga an yi su da sauri a gasa haddar ba za ta cece shi ba. Abin da ke aiki shi ne wasu tambayoyi da ake yi a jere, kowace tana rage yawan sunayen da suka saura. Dukansu kuwa a kan ƙa'ida ɗaya suke: sunan kaye yana bin gaɓar da ta yi aikin a daidai lokacin da ƙafafun mutum suka bar ƙasa. Yadda aka shiga da yadda aka faɗo shaidu ne kawai.

Mai kayarwa ana ce masa tori, wanda ake kayarwa kuma uke. Duk bayanin da ke tafe na mai riƙon dama ne, wato hannun damansa a wuyan rigar uke, na hagu a hannun rigar. Idan bahago kake kallo, sai ka juya komai.

1. Tanadi kayan aiki

Waya mai intanet ta isa a fara. Kodokan tana da tasha a YouTube inda aka nuna kowane kaye a hankali kuma ta fuskoki daban-daban, kallon kyauta ne, data kawai za ka kashe. Ka sauke waɗanda kake nazari a kansu domin za ka maimaita su sau da yawa. Rage gudun bidiyon zuwa 0.25. A kwamfuta, idan ka tsayar da bidiyo, maɓallin aya yana matsar da hoto ɗaya gaba, na waƙafi yana mayar da shi baya. Ka ajiye littafin rubutu kusa.

Idan za ka gwada da jiki, sai rigar judo, abokin atisaye, tabarmar judo da ake kira tatami, da malami. Rigar auduga ta 'yan koyo ta wadatar. Mai tambarin IJF, hukumar judo ta duniya, tana da tsada sosai, kuma gasar ƙasa da ƙasa ce ke buƙatarta. Kada ka sayi tatami don kanka, ka je inda ake atisaye.

Gargaɗi: ba a kayar da mutum a kan siminti, ko tayil, ko katifar kwana. Katifar kwana tana lotsawa ta riƙe ƙafa, mutum ya juya ƙafar ba ta juya ba, gwiwa ta tafi.

2. Nemo daidai lokacin kayen

Kowane kaye kashi uku ne. Kuzushi shi ne karya wa uke tsayuwa. Tsukuri shi ne shigar tori da gyara jikinsa. Kake shi ne kayarwar kanta. Tsayar da bidiyon a hoton ƙarshe da ƙafar uke ke taɓa ƙasa, sannan ka matsa hoto biyu ko uku gaba. Nan ne za ka yi duk sauran binciken.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne yanke hukunci tun daga shiga. Ɗan wasa yakan shiga da o-uchi-gari, uke ya zare ƙafa, a ƙarasa da uchi-mata. Sunan na ƙarshen ne. Alƙalin wasa ma ba zai taimake ka ba, shi faɗuwa yake dubawa ya ba da maki, ba ya faɗin sunan kaye.

3. Tori ya kwanta da gangan ne?

Wannan ce tambaya ta farko domin tana fitar da kaye 21 gefe guda. Idan tori ya jefar da jikinsa ƙasa, nauyinsa ya ja uke, to sutemi-waza ne, wato kayen kwanciya, ka tsallake zuwa mataki na 8. Idan kuwa yana tsaye uke ya tashi, daga baya ya bi shi suka faɗi tare, kayen tsaye ne. A gasa kusan kowa yana faɗawa a kan abokin karawarsa, don haka faɗuwar tori kaɗai ba hujja ba ce. Ka duba wanda ya riga barin tsayuwa. Durƙusawa a kan gwiwa ma ba kwanciya ba ce.

4. Ya juya baya ko suna fuskantar juna?

Idan tori ya juya har bayansa ko ƙugunsa ya fuskanci cikin uke, uke zai faɗi gaba, ka bi mataki na 5 da na 6. Idan ƙirji na kallon ƙirji, aikin ƙafa ne galibi, ka tafi mataki na 7.

5. Ya juya, ƙafafunsa biyu a ƙasa

A nan hannun dama na tori za ka fara dubawa, sannan ƙugunsa.

Idan hannun ya zagaya bayan uke ta ƙugu, abu uku ne. O-goshi: tori ya shigar da ƙugunsa gaba ɗaya, ya lanƙwasa gwiwoyi, ya ɗora uke a kai ya ɗaga shi. Uki-goshi: rabin juyi ya yi, gefen ƙugunsa kawai ya manna, bai ɗaga ba, murɗa jiki ya yi uke ya zagayo. Tsuri-goshi: ya damƙi ɗamarar ta baya ya ja ta sama. Tsakanin na farko da na biyu, gwiwoyin tori za su gaya maka. Idan sun lanƙwashe sun miƙe, an yi ɗagawa, o-goshi ne.

Idan hannun ya zagaya wuya, ƙugun kuma ya wuce har ya leƙo ta ɗaya gefen, koshi-guruma ne. Idan hannun bai saki wuyan riga ba, ya ja shi sama, tori ya yi ƙasa da ƙugu sosai, tsurikomi-goshi ne. Idan hannun rigar uke aka tura sama maimakon wuyan riga, sode-tsurikomi-goshi ne, kayen da aka san Hifumi Abe da ƙanwarsa Uta Abe da shi, waɗanda suka ci zinare rana ɗaya a gasar Olamfik ta Tokyo a 2021. Bidiyonsu wuri ne mai kyau na koyon gane shi.

Sai dangin goyo. Idan damtsen tori ya shiga ƙarƙashin hammatar uke ya maƙale hannu ɗaya, ippon-seoi-nage ne, wanda Toshihiko Koga, zakaran Olamfik na 1992, ya yi suna da shi. Idan yana riƙe da wuyan riga, gwiwar hannunsa ce ta shiga hammatar, seoi-nage ne. Za ka ji ana ce masa morote-seoi-nage a wuraren atisaye, amma a jerin Kodokan seoi-nage kawai aka rubuta. Duk da cewa a baya ake goya uke, waɗannan biyun cikin kayen hannu aka sa su. Masu jarrabawa suna son wannan tambayar.

Inda ake yawan saɓani shi ne idan tori ya zube a kan gwiwoyinsa. Ka duba abin da ya biyo baya. In ya taso da uke a bayansa ya jefa shi, seoi-nage ne har yanzu. In bai taso ba, ƙasa kawai ya fizgo shi ta kan kafaɗa, seoi-otoshi ne.

Tai-otoshi kuma daban yake da su duka, ko da yake daga nesa yakan yi kama da seoi-otoshi mai miƙaƙƙiyar ƙafa. Tori ya miƙa ƙafar dama a gaban ƙafar uke, tafin yana ƙasa, amma bai goya shi ba. Akwai 'yar tazara tsakanin bayansa da ƙirjin uke, hannuwa ne suka yi aikin. In ka ga an manne an goya, ba tai-otoshi ba ne.

Gargaɗi: a tai-otoshi kada ka ɗora ƙafarka a kan gwiwar abokinka, ƙasa da ita ake sa ta, kuma taka gwiwar ta ɗan lanƙwashe tana kallon ƙasa. Miƙaƙƙiyar gwiwa da mutum ya faɗo a kanta ta gefe tana iya hana ka atisaye na watanni.

6. Ya juya, yana tsaye da ƙafa ɗaya

Wannan shi ne gidan rikici, a nan ya kamata ka fi daɗewa. Kaye biyar ne masu kama da juna: harai-goshi, uchi-mata, hane-goshi, o-guruma da ashi-guruma. Tambayoyi uku ke raba su.

Ta farko, ina ƙafar tori da ke sama ta bi? Idan ta bi ta waje, ta gitta gaban ƙafar damar uke har diddigen ya fito ta gefe, to harai-goshi ne ko ɗaya daga cikin guruma biyun. Idan ta shiga tsakanin ƙafafun uke, uchi-mata ne ko hane-goshi.

Ta biyu, ga waɗanda suka shiga tsakani: ƙafar a miƙe take ko a lanƙwashe, kuma wace ƙafar uke ta ɗauka? A uchi-mata bayan cinyar tori ne ke ɗaga cikin cinyar uke, yawanci ta hagu, ƙafar tana tafiya sama kusan a miƙe, kan tori yana yin ƙasa. Ƙafafun uke sukan buɗe a sama. A hane-goshi gwiwar tori a lanƙwashe take, gefen ƙwaurinsa yana jingine da cikin ƙafar damar uke, ƙugu ya shiga sosai, sai a wullo shi da ƙugu da ƙafar tare. Shi ya sa hane-goshi ke cikin kayen ƙugu, uchi-mata kuma cikin na ƙafa. Wasu 'yan wasan suna yin uchi-mata da ƙugu mai zurfi har manyan malamai su yi ta gardama a kansa. Idan ka gamu da irin wannan, ka rubuta dalilinka ka wuce, kada ka ɓata yini a kai.

Ta uku, ga waɗanda suka bi ta waje: an ɗora uke a ƙugu? A harai-goshi ƙirjin uke yana manne da gefen bayan tori, an ɗan ɗora shi a ƙugu, ƙafar kuma ta sharo baya da ƙarfi. A guruma babu ɗorawa. Ƙafar tori tana tsayawa a gitte, shi kuma ya murɗa jikinsa da hannuwansa, uke ya zagaya ta kanta. In ƙafar tana sama wajen mara ko saman cinyoyi, o-guruma ne. In tana wajen gwiwa ko ƙasa kaɗan, ashi-guruma ne. Bambancin ashi-guruma da tai-otoshi kuwa mai sauƙi ne: a na farko ƙafar tana rataye, a na biyu tana taka ƙasa.

Bidiyo biyu za su zaunar maka da wannan. Nemi wasan ƙarshe na Kosei Inoue da Nicolas Gill na Kanada a Olamfik ta Sidni a 2000, uchi-mata ne tsantsa. Sannan ka nemi na Teddy Riner na Faransa da Kim Min-jong na Koriya ta Kudu a Paris a 2024, wanda ya ƙare da harai-goshi. Kalli ɗaya bayan ɗaya, idonka a kan ƙafar da ke sama kawai.

Gargaɗi: mai koyon uchi-mata yakan sunkuya har kansa ya nufi tabarma. Nauyin mutum biyu ne ke sauka a wuya idan aka yi haka. Ka juya fuskarka gefen hagu yayin kayarwa, kuma in ka ji za ka kife, ka saki.

7. Suna fuskantar juna: aikin ƙafa

Wanda ya saba kallon kokawa zai ce duk taɗiya ce. Judo ta rarraba ta, kuma sunayen da kansu suna ɗauke da amsar. A Japananci "o" na nufin babba, "ko" ƙarami, "soto" waje, "uchi" ciki. Kalmar ƙarshe kuma tana faɗin irin aikin: gari girbewa, harai sharewa, gake maƙalewa.

Fara da gano wace ƙafa ta taɓa wace. Damar tori a kan damar uke: ta waje o-soto ne, ta ciki ko-uchi ne. Damar tori a kan hagun uke: ta ciki o-uchi ne, ta waje ko-soto ne. Rubuta wannan a shafin farko na littafinka, domin shi kaɗai yana kashe rabin ruɗanin 'yan koyo.

Daga nan sai ka duba nauyi. Gari ana yin sa ne a kan ƙafar da nauyi ya riga ya zauna a kanta, kamar yadda lauje ke yanke karan da ke tsaye da saiwarsa, kuma uke baya yake faɗuwa. Harai ana yin sa a kan ƙafar da ke tafiya, nauyi bai gama sauka ba ko ya fara tashi. Ga yadda abin yake a aikace. De-ashi-harai da ko-soto-gari duka tafin ƙafar tori ne ke taɓa wajen idon sawun uke. In ƙafar tana cikin taku aka share ta gefe, uke ya faɗi a kan gefensa, de-ashi-harai ne. In an danna nauyinsa a kan diddige aka girbe ta daga baya zuwa inda yatsun ke kallo, ko-soto-gari ne. In kuwa tori ya maƙala ƙafarsa a bayan ta uke, ya manne da shi ya tumɓuke shi sama da dukan jiki, ko-soto-gake ne. In shara ta haɗa ƙafafun biyu wuri ɗaya suka tashi tare, okuri-ashi-harai ne.

Dangin o-soto ma haka. O-soto-gari, ƙafar tori ta girbe ta tashi sama ta baya. O-soto-otoshi, ta zame ta bayan cinyar uke ta taka ƙasa. O-soto-guruma, ta gitta bayan ƙafafun biyu.

Akwai wasu uku da ake fuskantar juna amma uke gaba yake faɗuwa. A biyu daga ciki tafin tori tokarewa kawai yake yi: a idon sawu sasae-tsurikomi-ashi, a gwiwa hiza-guruma. Na ukun, harai-tsurikomi-ashi, yana share ƙafar da ke ja da baya.

Gargaɗi: o-soto-gari yana cikin kayen da suka fi buga ƙeyar 'yan koyo da ƙasa. Kada a yi wa wanda bai iya faɗuwar baya ba, wato ya manna haɓa a ƙirji ya bugi tabarma da hannu. Tori kuma ya riƙe hannun rigar har ƙarshe, yana ɗan ja sama. Shara da gefen ƙafa maimakon tafi kuwa harbi ne, ƙwaurin abokinka zai gaya maka.

8. Kayen kwanciya

In tori ya kwanta rigingine, duba abin da ya sa a jikin uke. Tafin ƙafa a mara, tomoe-nage. Bayan ƙafa ko ƙwauri a cikin cinya, sumi-gaeshi. In ya miƙa hannu ta saman kafaɗa ya kamo ɗamara ta baya kafin ya kwanta, ana kiransa hikikomi-gaeshi. In ya rungume shi ya bankare ya jefa shi ta kan kafaɗarsa, ura-nage.

In ta gefe ya kwanta da miƙaƙƙiyar ƙafa, inda uke ya nufa shi ne sunan: baya tani-otoshi, gefe yoko-otoshi, kusurwar gaba uki-waza. Duk sunan da ya ƙare da makikomi kuma yana nufin tori ya naɗe uke a jikinsa ya mirgina da shi ƙasa. Alamarsa ita ce hannun dama ya saki wuyan riga ya wuce, yawanci ta saman hannun uke. Harai-goshi da aka ƙarasa haka ya koma harai-makikomi, o-soto-gari ya koma o-soto-makikomi.

Gargaɗi: akwai biyu a wannan rukuni da za ka koyi gane su amma ba za ka gwada ba, an haramta su a gasa. Kani-basami, inda ake datse ƙafafun mutum da ƙafafu biyu, shi ne ya karya ƙafar shahararren ɗan judo Yasuhiro Yamashita a wata gasa a Japan a 1980. Ɗayan shi ne kawazu-gake, naɗe ƙafar abokin karawa a faɗa baya tare da shi. Tani-otoshi halal ne, amma ɗan koyo yakan zauna a kan gwiwar abokinsa ta gefe, don haka malamai da yawa ba sa barin sabbin ɗalibai su yi shi a karawar atisaye.

9. Tabbatar ba ramuwa ba ce

Wani lokaci wanda ya fara kai hari shi ne ya faɗi. Koma baya daƙiƙa biyu ka gani. Ramuwa tana da nata sunayen: o-soto-gaeshi ga wanda ya mayar da o-soto-gari, uchi-mata-sukashi ga wanda ya kauce wa ƙafar uchi-mata ya kifar da mai ita, tsubame-gaeshi ga wanda ya zare ƙafa daga shara ya share ta mai sharar. Idan an rungumi mai shiga ta baya an ɗaga shi, ƙarshen za ka duba. An sauke shi a bayansa tori na tsaye, ushiro-goshi. An sauya ƙugu an jefa shi gaba, utsuri-goshi. Tori ya bi shi baya ya kwanta, ura-nage.

A tsofaffin bidiyo za ka ga ana kama ƙafa da hannu, irin su morote-gari da kuchiki-taoshi. IJF ta taƙaita wannan a 2010, ta hana shi gaba ɗaya a 2013, shi ya sa ba ka ganinsu a gasanninta da suka biyo baya. Suna nan a jerin Kodokan, kuma ana iya tambayarka su a jarrabawa.

10. Kai shi kan tabarma

Ido kaɗai ba ya gama aikin. Zaɓi kaye biyu masu kama, kada su wuce biyu a zama ɗaya. Fara da o-goshi da uki-goshi, sai de-ashi-harai da ko-soto-gari, sai sasae-tsurikomi-ashi da hiza-guruma. Ka bar harai-goshi, uchi-mata da hane-goshi sai tsayuwarka a kan ƙafa ɗaya ta yi ƙarfi. Jerin Gokyo na Kodokan, mai kaye 40 a rukuni biyar wanda aka gyara a 1920, ya sa harai-goshi da uchi-mata a rukuni na biyu, hane-goshi a na uku, kuma bin wannan tsari ya fi tsallake.

Yi uchikomi, wato shiga ba tare da kayarwa ba, goma na wannan goma na wancan, sannan ka kayar a hankali idan malam ya ba da izini. Bayan kowace kayarwa ka tambayi uke inda ya ji an taɓa shi, da ko ɗaga shi aka yi ko zagaya shi aka yi. Shi ya fi ka sanin abin da ya faru. Daga nan ku sauya, ka zama uke, ka ce abokinka ya zaɓi ɗaya daga cikin biyun ba tare da ya faɗa maka ba, kai ka faɗi sunan bayan ka tashi. Ka sa wani ya ɗauke ku da waya daga gefe, daidai tsayin ƙugu, ƙafafunku duka suna cikin hoton, sannan ka bi bidiyon da matakan nan tun daga na 2. In abin da ka yi niyya da abin da hoton ya nuna sun saɓa, ka kai wa malam ya nuna maka gaɓar da ta kauce kafin ka ƙara wasu biyun.